Yawon babur a karkarar Biyetnam: kurakuran da baƙi suka fi yi da yadda ake gyara su

Tabon da ke ƙwaurina na dama, a wani ƙauye da ke bayan garin Hoi An na samo shi, kuma ba faɗuwa na yi ba. Tsayawa muka yi shan ruwan rake a bakin hanya. Ina bayan direba, idona na kan wata tsohuwa mai malafa da ke ban ruwa a fadamar ganye, sai kawai na zuro ƙafa ta dama. Wando ya ɗage, fata ta sadu da salansa. Direban ya leƙa wurin, ya girgiza kai, ya ce baƙi har suna sun sa wa wannan ƙunar, wai sumbar Saigon, da sunan babban garin kudancin ƙasar, saboda yawan masu komawa gida da ita. Abin kunyar, ni da na tashi a bayan 'yan acaɓa, tun ban iya karatu ba na san ta hagu ake hawa, ta hagu ake sauka. Kallo ne ya ɗauke min hankali.

Yawancin kurakuran wannan tafiya haka suke. Mutum ya biya kuɗi, an haɗa shi da jagora, sai ya ɗauka ya sauke nauyin kansa gaba ɗaya. Jagora kuwa hanya yake nunawa, hannunsa ba ya kan birkinka.

Ka tuƙa ko a goya ka?

Nan ne girman kai ke kayar da maza. Masu shirya yawon suna ba da zaɓi biyu: ko a ba ka babur ka bi ayari da kanka, ko a haɗa ka da direba ɗan gari ya goya ka, wanda a tallace-tallacensu za ka ga an rubuta easy rider. Namu da dama suna jin na biyun kamar raini ne. Wai mutumin da ya shekara goma yana ratsa cunkoson Kantin Kwari da roba-roba shi za a goya? Amma gwanintar kutsawa tsakanin motoci a shimfiɗaɗɗen gari daban take da ta gangarar dutse mai kwana a kan kwana, da kwazazzabo a gefe. Mai tuƙi kuma ba ya kallo. Za ka biya kuɗin jirgi daga wata uwa duniya ka je ka ƙare kwana uku kana kallon tayar wanda ke gabanka.

In dai ka dage sai ka tuƙa, to maganar takarda ce. Duk babur ɗin da ya haura cc 50 yana buƙatar lasisi a Biyetnam, kuma baburan haya kusan duk sun haura haka. Ƙasar tana karɓar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa wanda aka bayar a ƙarƙashin yarjejeniyar Vienna ta 1968, ba ta karɓar na yarjejeniyar Geneva ta 1949. Shekarar tana rubuce a bangon ɗan littafin, ka duba tun kana gida. Ka kuma tabbatar an buga maka hatimi a gurbin babur, don na mota ba ya wadatarwa, sannan ka haɗa da lasisinka na gida. Daga farkon 2025 rukunin A1 ya tsaya a cc 125, abin da ya haura nan sai rukunin A. Mai ba da haya zai iya ce maka ba komai, ba a tambaya. A kan hanyar Ha Giang, yankin duwatsu da ke can arewacin ƙasar inda baƙi ke yawan zagaye da babur, ana tambaya, 'yan sanda na tsayar da baƙi, a ci tara, wani lokaci a riƙe babur ɗin. Tarar ma ƙaramar magana ce. Babbar ita ce inshora: in ka yi haɗari kana tuƙi ba da sahihin lasisi ba, kamfanonin inshorar tafiya sukan ƙi biyan ko sisi, alhali daga cikin duwatsun nan zuwa babban asibiti a Hanoi, babban birnin ƙasar, tafiyar sa'o'i ce masu yawa. Ko da goya ka za a yi, ka karanta takardar inshorar ka ga ko ta ambaci hawa babur.

Sai irin babur ɗin. Wanda bai saba ba yakan zaɓi mai tafiya da kansa, wanda ba a sa masa giya, don ya fi sauƙi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kamar kewayen Hoi An ko yankin bakin kogin Mekong, wannan zaɓi ne mai kyau. A kan dutse kuwa kuskure ne. Shi irin wannan babur in ka saki totur a gangara injin ba ya riƙe shi sosai, duk nauyin sai ya koma kan birki, birki kuwa in ya yi zafi sai ya saki. Mai giya huɗu marar kuloci, irin su Honda Wave da Blade da 'yan ƙasar ke hawa, shi ya fi dacewa: ka sauko a giya ta biyu, injin na gurnani yana riƙe ka, kana taɓa birki kaɗan-kaɗan, gaba da baya tare. Kafin a tashi ka matsa birkin duka biyu, ka duba zanen taya, ka kunna fitila, ka danna hon, ka ɗauki bidiyon duk wani ƙarcewa da ke jikinsa don kada a ɗora maka daga baya.

Hular kwano dole ce a dokar ƙasar tun Disamba 2007, amma doka ba ta hana a miƙo maka wata 'yar roba mai kama da hular wasan ƙwallo ba. Ka mayar, ka nemi mai rufe kunne da ƙeya, in da hali har da haɓa, ka kuma ɗaure igiyarta.

Kilomita a takarda da kilomita a kan dutse

Zagayen Ha Giang (mutanen arewa Ha Zang suke furtawa, ka riƙe wannan don tashar mota) kusan kilomita 350 ne. A lissafinmu na gida wannan tafiyar wuni guda ce har da tsayawa cin abinci, shi ya sa wasu ke neman a dunƙule musu shi a kwana biyu. Kada ka yarda. A wannan hanya in ka ci kilomita 30 a sa'a ka yi ƙoƙari. Daga garin Ha Giang za a hau Quan Ba, a wuce Yen Minh, a kwana Dong Van, sannan a bi mashigar Ma Pi Leng zuwa Meo Vac, kilomita 20 ko sama da haka kaɗan, inda hanya ke maƙale a ƙirjin dutse, kogin Nho Que kuma na can ƙasa kore shar kamar zare. Daga 1959 zuwa 1965 aka sassaƙa wannan hanya, akasari da hannu, suka sa mata suna Hanyar Farin Ciki. Wurin da mutane suka shekara shida suna fasa dutse ba wurin da za a wuce a guje ba ne. Kwana uku shi ne mafi ƙaranci, huɗu ya fi. Kuma kada ka sauko daga motar dare ta Hanoi, wadda ke cin sa'a shida zuwa bakwai, ka haye babur da asuba ido jajir. Ka ba kanka wuni ɗaya.

Lokacin zuwa ma ana yawan kuskure a kansa, don ƙasar doguwa ce, damina ba ɗaya ba ce. A duwatsun arewa ruwa ya fi ƙarfi daga Yuni zuwa Agusta, lokacin ne ƙasa ke zaftarewa ta toshe hanya. Oktoba da Nuwamba sun fi daɗi a can. Amma waɗannan watannin su ne na ambaliya a tsakiyar ƙasar, wajen Hue da Hoi An, inda ruwa kan shiga tsohon gari har a koma yawo da kwalekwale. Wanda kuma ya ji an ce Asiya ya ɗebi 'yan riguna marasa nauyi ya nufi Dong Van a Janairu zai sha mamaki: sanyi ne mai jiƙa, da hazo mai ɗanshi da ke ɓoye babur ɗin da ke gabanka. Hunturunmu busasshe ne, wannan kuwa ƙashi yake shiga.

A kan titi, dama suke bi kamar mu, wannan ba matsala. Abin da ke rikita baƙo shi ne hon. A can ba zagi ba ne, sanarwa ce: ga ni nan tafe. Ka danna kafin kowace makauniyar kwana, in ka ji na babbar mota ka raɓe, don babba shi ke da hanya, kuma motocin fasinja kan ci rabin hannunka a kwana. Cikin ƙauyuka za ka tarar an shanya shinkafa ko masara a kan kwalta, kamar yadda ake shanya barkono a gefen titi a wajenmu, sai dai su har tsakiyar hanya sukan kai. Taya in ta hau hatsi santsi take yi. Ga ɓaunar noma da ba ta san gaggawa ba, ga karnuka, ga kaji, ga yara 'yan makaranta a kan keke. Kuma kada ka matsa wa kanka sai ka kamo ayari. In sun yi nisa za su jira a mararraba, aikin jagora ke nan. Mai son hoto ya tsaya inda ke da fili, ba a cikin kwana ba.

Sutura: babbar riga da jallabiya a bar su a jaka. Ke kuma Hajiya, hijabi mai jan ƙasa da gyale mai lilo su ne abin tsoro, don taya ko sarƙa in ta kama gefensu ba ta saki. Ki sa ƙaramin hijabi ki cusa bakinsa cikin jaket, da wando mai kauri a ƙarƙashin riga, ki tattare rigar ki zauna a kanta. Ba za ki zama bare ba, matan ƙasar kansu rufe jiki suke yi ruf a kan babur saboda rana, da takunkumi da safar hannu da wani zani na musamman da suke ɗaurawa. Silifa kuma ba takalmin babur ba ne.

Abin da ke cikin kwano

Ga Musulmi, wannan ne wurin da shiru ya fi cutarwa. Naman alade shi ne naman yau da kullum a Biyetnam, kuma ba koyaushe yake fitowa fili ba. Yana cikin romo, yana cikin kitsen suya, yana cikin abin da ake shafa wa burodin banh mi. A arewa thit lon ake ce masa, a kudu thit heo. Harshen nasu na karin sauti ne, in ka furta da bakinka da wuya a gane, don haka ka sa a rubuta maka a waya ka riƙa nunawa. Kalma mafi amfani ita ce chay, wato abincin da ba nama, irin na mabiya addinin Buddha. Kuskuren shi ne a bari sai an zauna a tabarma an jera kwanuka sannan a fara bayani. A gidajen kwana na ƙauye tukunya ɗaya ake yi wa kowa, kuma tun rana aka yi cefane. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka faɗa tun lokacin biyan kuɗi, ka sake tuna wa jagora kowace safiya don ya buga waya gaba. Ƙwai, kifi, awara da ganye ba sa yankewa. Ɗan garin yaji da ƙuli-ƙuli a jaka ba za su yi maka nauyi ba.

Da daddare kuma za a fito da barasar masara a zuba a ƙananan kofuna, a ɗaga a yi ta ƙirga ɗaya, biyu, uku da ƙarfi. Maigida zai miƙo maka da hannu biyu, da fara'a, don a wajensa karramawa ce. Ba sai ka ɓata rai ba. Na ga wanda ya dafa ƙirji ya ɗaga kofin shayinsa, aka yi ƙirgar da shi, magana ta ƙare. Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne direbanka. Tun Janairu 2020 dokar ƙasar ta hana tuƙi da ko ɗigon barasa a jini, amma wanda ya kai tsakar dare yana sha, gobe da safe rayuwarka ce a bayansa. Kana da damar ka ce a canza maka shi.

Salla ma akwai abin lura. Mu da muka saba cewa a fuskanci gabas, a can alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Ka saita manhajar wayarka tun kana inda ke da sabis, ka kuma tuna agogonsu yana gaba da na Najeriya da Nijar da sa'a shida. Ka gaya wa jagora kana buƙatar minti goma bayan abincin rana, ba zai hana ba.

Kuɗi da fasfo, a taƙaice. Kuɗin ƙasar dong ne, kuma takardar dong 500,000 da ta 20,000 duk shuɗaye ne, da magariba a gidan mai sai ka miƙa babbar a madadin ƙaramar. Ka raba musu aljihu. Ka riƙe tsabar kuɗi, don kati ba ya aiki a ƙauye. In mai haya ya ce ka bar fasfo jingina, ka ba da kwafi da kuɗin ajiya, don masauki na buƙatarsa wajen rajistar baƙi, yankin kan iyaka da Sin kuma yana da takardar izini ta daban da ya kamata masu shirya tafiyar su yi maka. Lambar 'yan sanda 113, ta motar asibiti 115. Kuma kada ka biya kuɗin yawon gaba ɗaya kafin bizarka ta fito.

Akwai kuma masu ɗauka cewa in ba a je Ha Giang ba, ba a yi yawon ba. Wanda gwiwarsa ko zuciyarsa ba ta son tsayi, ko mai tafiya da iyali, yana da wasu wuraren. Mashigar Hai Van da ke tsakanin Hue da Da Nang kilomita 21 ce kawai, teku a gefe guda, kuma tun da aka buɗe ramin ƙarƙashin dutsen a 2005 yawancin manyan motoci suka bar ta. A kudu kuma akwai lardin An Giang, ƙasa shimfiɗe, gonakin shinkafa iya ganinka, hanya na bin bakin magudanai. Daga garin Chau Doc ana haye kogin Hau zuwa ƙauyukan ƙabilar Cham, waɗanda Musulmi ne. Gidajensu a kan dirkoki suke saboda ambaliya, maza da zani da hula, ga masallacin Mubarak a kusa da bakin kogin. A nan za ka ci tung lo mo, wani naman sa da suke cusawa a hanji su shanya, ba tare da ka ciro waya ka nuna wa kowa rubutu ba.