Kurakuran da na gaji da gyarawa a zanen kammala rijiyar mai

Duk shekara sai an turo mini sababbin injiniyoyi, kuma duk shekara ciwon ɗaya ne. An haƙa rijiya lafiya, an tarar da mai, sai wajen kammalawa a ɓata rawa da tsalle. Kammalawa ita ce aikin da ke tsakanin ƙarshen haƙa da hawowar mai: ɗaure kesin (babban bututun ƙarfen da ke riƙe bangon ramin) da siminti, huda shi daidai inda man yake, zura tubin (siririn bututun da mai ke hawowa ta cikinsa), kafa faka (abin da ke toshe tsakanin tubin da kesin) da bawul. Yaran nan ranar buɗe rijiya kawai suke yi wa zane, alhali tana iya yin shekara 20 tana aiki.

Da yashi zan fara, don shi ya taɓa kunyata ni. A Neja Delta yawancin man yana kwance ne cikin shimfiɗar yashin ƙarƙashin ƙasa da ake kira Agbada, kuma inda ba zurfi sosai yashin bai daskare ba, da yatsa ma sai ka murje shi. Irin wannan rijiya sai an sa mata rariya an cusa tsakuwa a bayanta. Ƙa'idar Saucier ta ce ƙwayar tsakuwar ta ninka matsakaiciyar ƙwayar yashin sau 5 zuwa 6. Na san wannan sarai. Amma sakamakon tankaɗe yashin bai dawo daga ɗakin gwaji ba, injin haƙa yana tsaye, kuɗin haya na tafiya, sai na kwafo girman tsakuwar rijiyar da ke maƙwabtaka da mu. Ashe yashinmu ya fi nata laushi. Ba a rufa shekara ba maigidana ya shigo ofis ya dire mini cok a kan tebur, ƙarfen nan da ke daidaita kwararar mai, yashi ya rarake shi kamar ɓera ya samu sabulu. Ya ce, "Injiniya, ga zanenka ya dawo." Na ce, "Yallaɓai, lokaci ne ya ƙure." Ko kallona bai yi ba. Da shebur aka riƙa kwashe yashi daga tankin raba mai da ruwa, daga baya aka dawo da injin aka zare komai.

Tun daga ranar ba na sa hannu sai takardar tankaɗe tana gabana, kuma samfurin ya zama wanda aka yanko daga jikin ramin. Yashin da mai ya koro sama ƙarya yake yi, lausasan ne suka fi isowa, manyan sun zauna a ƙasa. Akwai masu cewa bayanan rijiyar maƙwabta sun wadatar idan shimfiɗar ɗaya ce. Su je su yi, ban da ni.

Sai son babban tubin. Wai inci 4 da rabi ya fi kawo ganguna, kowa na so a yabe shi a taron farko. To, malam, in matsin ƙasa ya ragu ruwa ya fara shigowa fa? Gudun ya ragu, iskar gas ta sulale ta bar ruwa a baya, ruwan ya taru ya danne rijiyar ta mutu da kanta, kai kuma an yi maka canjin wurin aiki, wani ne zai kwana a kanta. Ƙarami ƙwarai shi ma shaƙe ta yake yi. Ni lissafi uku nake yi: ranar farko, ranar da rabin abin da ke fitowa ruwa ne, da lokacin da matsi ya kusa ƙarewa. Sau da yawa 3 da rabi ke cinyewa. Aljihunan jikin tubin da ake tura iskar gas ta cikinsu don ta ɗago mai kuwa tun farko nake sa su a toshe, ranar buƙata waya kawai za a zura a canza bawul. In ka kawo mini zane mai lissafi ɗaya, ƙofa a buɗe take.

Ruwan gishirin da ake cika ramin da shi lokacin kammalawa a tace shi zuwa maikiron 2, in ba haka ba dattinsa zai toshe hudojin da ka sha wahalar yi. In akwai iskar kabon mai yawa tare da ruwa, ƙarfe na gama-gari ba zai daɗe ba, nemi mai kurom kashi 13. Tubin yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, a lissafa wannan kafin a zaɓi faka. Kowane sandan tubin a zura masa ma'aunin faɗi kafin ya shiga rami. Wanda aikinsa ya kai shi filin man Agadem na Nijar ko Kolmani na tsakanin Bauchi da Gombe ya ƙirga mahaɗan zaren bututunsa sau biyu, can ba Fatakwal ba ce da za a aika mota ta dawo da yamma.

Gwajin siminti kuma, don Allah a daina yi masa fassarar son rai. A rijiyar Macondo da ke Tekun Meksiko, ranar 20 ga Afrilun 2010, bututun haƙa ya nuna matsin 1,400 psi, wani layin na daban da ake auna matsin a kansa ya nuna sifili, aka zaɓi gaskata sifilin, rijiyar ta fashe, mutum 11 suka rasu. Ni in agogo biyu suka saɓa, aiki ya tsaya ke nan, ko wa zai bugo waya daga Legas.