Jarrabawar Lasisin Dillancin Gidaje A Teksas: Ajiye Dillancin Gida A Ƙofa

Duk wanda ya kwana biyu a Hustan ko Dalas ya taɓa jin wannan magana a harabar masallaci bayan an idar da Juma'a: "Ni fa na gaji da tuƙin Uber, dillancin gidaje zan shiga." Sana'a ce mai rufin asiri ga mai haƙuri. Sai dai a Amurka ba ka wayar gari ka naɗa kanka dillali, kamar yadda mutum zai yi a Kano ko Maraɗi da wayarsa da sanin unguwa. Sai da lasisi, kuma kowace jiha da nata dokokin. Ni a Teksas na yi nawa, don haka a kanta zan fi tsayawa.

Kafin a bar ka ka zauna jarrabawa, sai ka yi karatu a makarantar da hukumar jihar ta amince da ita. Fulorida awa 63 take nema, Jojiya 75, Niyok 77, Kalifoniya 135. Teksas kuwa awa 180, kwas shida masu awa 30-30: tushen sana'ar kashi biyu, dokar wakilci, dokar yarjejeniya, takardun ciniki da hukuma ta tsara, sai harkar bashin sayen gida. Hukumar ita ce TREC, mai kula da dillancin gidaje a Teksas. Za ta so ka cika shekara 18, zamanka a ƙasar ya zama bisa ƙa'ida, a ɗauki zanen yatsunka a binciki tarihinka. Lasisin nan ba izinin aiki ba ne. In bizar karatu gare ka, ka fara ganin lauyan shige da fice kafin ka kashe ko dala ɗaya.

Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, a cibiyoyin kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE, awa huɗu. Kashi biyu ce, na ƙasa baki ɗaya da na dokokin jiha, kuma kowanne sai ka ci kashi 70 cikin 100. In ka faɗi ɗaya, shi kaɗai za ka sake. In ka faɗi sau uku, sai ka koma aji ka ƙara awa 30 a kan kowane kashin da ya kayar da kai.

Yawancinmu lissafi muke tsoro, ko Turancin lauyoyi. A ganina ba su ne suka fi kayar da Bahaushe ba. Abin da ke kayar da shi shi ne dillancin da ya taso yana gani a gida, domin amsar da zuciyarka za ta ce maka ita ce ta mutunci, sau da yawa ita ce tarkon da aka ɗana.

Na tuna wata tambaya da na ci karo da ita a gwaji. Maƙwabcinka, wanda ba shi da lasisi, ya kawo maka mai saye, ciniki ya faɗa. Me za ka yi masa? Ko tunani ban yi ba na danna "ka ba shi kaso daga la'ada." To mene ne laifi? A wajenmu wanda ya hana ɗan rakiya nasa ai marowaci ne. Allo ya nuna mini ja. A Teksas ba a raba la'ada da marar lasisi; iyakarka 'yar kyautar kaya da ba ta wuce dala 50 ba. Kai kanka ba ka da ikon karɓar la'ada daga hannun mai gida. Sai ta bi ta hannun babban dillalin da kake aiki a ƙarƙashinsa.

Haka abin yake ta ko'ina. "Na sallama, Allah ya sa albarka" da musafaha ba su ƙulla cinikin gida; in babu rubutu da sa hannu, kotu ba za ta tilasta wa kowa ba. Kafin alƙalami ba ya kwana a aljihunka, balle asusunka. A takardar cinikin da TREC ta tsara, cikin kwana 3 ake kai shi ga kamfanin da ke riƙe amanar kuɗin. Salon nan na "kawo mini kaza, abin da ya hau kai naka ne" jihohi da dama sun haramta shi, inda aka bari ma an ɗaure shi da sharuɗɗa. Rufa wa gida asiri kuma babu shi. Ka san rufin yana yoyo, ka faɗa. Gidan da aka gina kafin 1978 kuwa dole a sanar da mai saye batun fenti mai gubar dalma. Sannan in magidanci zai sayar da gidan da iyalinsa ke zaune, sai uwargida ta sa hannu, ko da babu sunanta a takardar mallaka. Wannan ta kan ba wasu alhazai mamaki.

Inda na fi so ka zauna da kyau shi ne dokar adalci a gidaje ta 1968. Ta hana nuna bambanci saboda asali, launin fata, addini ko ƙasar da mutum ya fito. A 1974 aka ƙara jinsi, a 1988 aka ƙara naƙasa da masu yara ƙanana. Ka haddace su bakwai ɗin nan kamar karatun allo. A takarda da sauƙi. A aikace, ɗan'uwa ne zai ja ka gefe ya ce, "Malam, ka nema mana unguwar da namu suka fi yawa." Kai kana ganin zumunci ne, doka kuwa tana ganin ka karkata mutum zuwa wata unguwa saboda addininsa ko asalinsa, kuma laifi ne da kan iya cin lasisi. Abin da za ka iya yi: shi da bakinsa ya ba ka adireshin masallacin ko makarantar, ya ce yana son gida da bai wuce tafiyar minti goma daga nan ba, kai kuma ka bincika da nisa. Su wa ke zaune a layin, ba kai za ka faɗa ba. Tallan haya mai cewa "Musulmi kaɗai" ko "ba ma son mai yara", ko a zauren WhatsApp na 'yan gari ne, kada ya fito daga wayarka.

Lissafin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Eka ɗaya ƙafa murabba'i 43,560 ce, mil ɗaya ƙafa 5,280, fili mai faɗin mil murabba'i ɗaya eka 640. Sauran duk kaso ne cikin ɗari: la'ada, harajin gida, kuɗin ruwa. Ko kana ƙyamar bashi mai ruwa, sai ka iya lissafinsa, tunda za a tambaya.

Game da Turanci, kada ka wahalar da kanka da fassara kowace kalma. Ka yanka ƙananan katuna, kalma a gaba, misali daga rayuwa a baya, ka riƙa dubawa lokacin jiran fasinja. Ka yi tambayoyin gwaji har sai kana wuce 80 a kai a kai, sannan ka sa rana, kuma kada ka bari karatun ya huce. Ka kula da kalmomin EXCEPT da NOT a cikin tambaya. Gaggawa ta sa na tsallake su fiye da sau goma a gwaji.

Ranar jarrabawa ka je da katin shaida biyu, sunan da ke kai ya yi daidai da wanda ka yi rajista da shi. Masu rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, ku gyara tun da wuri. Waya da agogo za su shiga akwatin ajiya. Awa huɗu ba wasa ba ce, ka zaɓi safiya don kada azahar ta riske ka a ciki, kuma ka guji Juma'a. Kana fitowa za a miƙa maka sakamako.

In ka ci, lasisin yana nan a kwance har sai wani babban dillali ya ɗauke ka. Albashi babu, sai ciniki ya faɗa. A ce gidan dala 300,000 ne, ɓangarenku ya sami kashi 3, wato 9,000. In rabonka da babban dillalin 70 da 30 ne, naka 6,300, ba a cire haraji da man mota ba tukuna, kuma ana iya yin watanni kafin na farko ya zo. Kafin sabunta lasisi bayan shekara biyu, akwai wasu awa 98 na karatu da ke jiranka. Saboda haka kada ka ajiye makullin Uber ɗin nan tukuna.