Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ja wa Allon Maki Waya a Filin Wasa

Duk wanda ya taɓa kallon wasan Kano Pillars a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya san cewa da zarar an zura ƙwallo, idanun jama'a kan allon maki suke komawa. Yanzu makarantu da ƙananan ƙungiyoyi ma sun fara kafa irin wannan allo, kuma idan ya fara ƙyafta ko ya ɗauke, akan ɗora laifin a kan allon, alhali a ganina galibin matsalar tana cikin wayoyin da aka ja masa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne amfani da siririyar waya tsakanin akwatin wuta, wato na'urar da ke rage ƙarfin wuta ta ba fitilun allon, da fitilun kansu. Yawancin fitilun LED na waɗannan alluna da bolt 5 suke aiki, akwati guda kuma yana iya fitar da amfiya 40, saboda haka idan rabin bolt kawai ya salwanta a hanya, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin wutar ya tafi. Alamarsa ita ce ɓangaren da ya fi nisa da akwatin ya dusashe, farin haskensa ya koma ja-ja, domin shuɗi da kore sun fi ja buƙatar ƙarfin wuta. Maganinsa shi ne a kusanto da akwatin, a sa waya mai kauri, sannan a auna da mitar awon wuta a ƙarshen layin lokacin da allon ke nuna fari gaba ɗaya, wato lokacin da ya fi jan wuta. Kafin a biya kuɗin waya a kasuwa, a kankare bakinta da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, kuma ba za ta ɗauki nauyin da ta gaskiya ke ɗauka ba.

Akwai kuma masu cusa wayar sigina, wadda ke kai saƙo daga kwamfuta zuwa allo, da ta wuta cikin bututu ɗaya don rage haƙa, sai lambobi su riƙa tsalle a kan allo. Kowace a ba ta bututunta, inda kuma dole su haɗu, su gitta juna kamar alamar tarawa (+). Wayar sigina irin ta Cat6 iyakarta mita 100. Idan ɗakin sarrafawa ya fi haka nisa, faiba ce ta dace, wato wayar da ke kai saƙo da haske, wadda ba ta ɗaukar wuta, don haka tsawa ba ta bin ta zuwa kwamfuta.

Batun wayar ƙasa, wato wadda ke zubar da wuta mai haɗari cikin ƙasa ta sandar ƙarfe da aka kafa, yana damuna ƙwarai, domin rai ne a ciki. Allon ƙarfe ne dogo a fili, damina kuma tana zuwa mana da tsawa. Sandar da aka kafa a watan Agusta ƙasa na jiƙe tana iya nuna awo mai kyau, amma idan rani ya busar da ƙasar sai aikinta ya ragu, shi ya sa ya kamata a sake aunawa a watan Maris. A haɗa jikin allon da sandar, a kuma sa na'urar tare hauhawar wuta a layin wuta da na sigina, wadda za ta taimaka har lokacin sauyawa daga wutar KEDCO zuwa janareta.

Kada waya ta shiga akwati ta sama. A shigar da ita ta ƙasa, a bar mata ɗan lanƙwasa yadda ruwan sama zai ɗiga kafin ya kai ramin, kuma a guji haɗin da aka naɗe da tef kawai, domin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana sakin gam ɗin tef ɗin. Bayan hunturu a kakkaɓe ƙurar da ta toshe fankokin.

Idan bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan nauyi ya yi yawa, tana faɗuwa duk lokacin da aka kunna allon, akwatunan wuta ne ke fizgar wuta mai yawa a tashin farko. Sauya birekar da babba wadda ta fi ƙarfin wayar hanyar gobara ce. A raba allon gida-gida, kowane da birekarsa, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya.