Yadda Ake Gina Gidan Ƙasa na Zamani da Damina Ba Za Ta Ci Ba

A ƙauyukanmu yanzu, da zarar mutum ya sayar da riɗi ko shinkafa, sai ya buga bulon siminti ya ɗora kwano. Afrilu na kamawa, zafi ya haura digiri 40, sai ka ga an kwaso tabarmi an dawo tsakar gida, ɗaki ya zama tanda. Alhali ka shiga Gidan Makama a Kano da rana tsaka, ka ji sanyin da bangon ƙasa mai kauri yake riƙewa. Shawarata ita ce ka dawo da ƙasa cikin gininka, ka gyara inda take da rauni. Za a ce ka koma baya. Ƙyale su.

Fara da fili, kuma a watan Agusta za ka je duba shi, bayan an sheƙa ruwa, ka ga inda yake kwanciya. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Haɗejia da Ringim ya san ginin ƙasa ta gindi yake mutuwa: ruwa ya jiƙa shi kwana biyu, sai bango ya zauna. Don haka harsashi na dutse ne ko bulon siminti da aka cika da kankare, ya tashi kamar ƙafa biyu sama da filin, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa don kada danshi ya hau. A nan kada ka yi tsimin siminti.

Sai gwajin ƙasa. Zuba ta a kwalba zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka bar ta ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. Ƙasar jigawa rairayi ya yi mata yawa, ba ta kama jiki. Taɓon fadama kuwa tsagewa yake yi in ya bushe. Jar ƙasa ake so, wadda yashinta ya rinjayi laka. In za ka samu injin matse bulon ƙasa, a haɗa da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Kuskuren da ake yawan yi shi ne shanya bulon a rana kamar tubali. A'a, a lulluɓe shi ana yayyafa masa ruwa mako biyu, sannan ya yi ƙarfi.

Wajen zana gida, dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, taga ta yi ƙaranci a yamma saboda ranar la'asar. Hadari daga gabas yake taso mana, bangon gabas shi ke shan duka, sai a ba shi shafe mai kyau, ko na makuba, wato wanda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, in akwai tsohon magini da ya iya. Banɗaki kuma kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya.

A rufi ne za ku yi ja-in-ja da kafinta. Yayin yanzu shi ne a ɓoye kwano a bayan bango. Kai kuwa ka ce masa kwanon ya zarce bangon da ƙafa biyu zuwa uku ta kowane ɓangare, ya zame masa malafa, ruwa da rana su tsaya a waje. A ɗaga silin sama, a bar ƙananan ƙofofin iska tsakaninsa da kwano, a sa musu raga saboda jemagu. Cikin ɗaki ma a huda 'yan tagogi can kusa da silin, domin iska mai zafi sama take hawa.

Kafin kafinta ya sauko, ya kafa magudana a bakin kwanon zuwa tanki. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100, in damina ta ba da milimita 700, ruwa kusan lita 70,000 ne yake zubarwa a tsakar gida. Ruwan farko dai a bar shi ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye, sannan a buɗe wa tanki.