Yadda Hukumar Ruwa Za Ta Rage Asara Ta Kuma Sake Juya Ruwan Da Aka Yi Amfani Da Shi

Da an ce ruwa ya yi ƙaranci sai ka ji ana ta kiran a gina sabon dam, a haƙa ƙarin bohol. Ni dai a ganina wannan shi ne na ƙarshe, akwai abubuwan da ya kamata a fara yi.

Da farko a auna. A sa mita a bakin matatar ruwa, a kasa yankin sashe-sashe kowanne da babbar mitarsa, sai a gwada abin da ya fita da abin da aka yi wa bil, gibin da ke tsakani shi ne asarar. Injiniyoyi suna da wata dabara, suna duba mitar wajen ƙarfe 2 zuwa 4 na dare lokacin kowa ya yi barci ba mai buɗe famfo, in ruwa na ta gudu a wannan lokacin to fayif ne ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, ko kuma wani ya yi haɗin sata.

Na biyu a toshe yoyon, kuma a sa bawul ɗin da ke rage ƙarfin ruwa da dare don yawan firesha shi ke fasa tsofaffin fayif. Aiki ne da ba a yi masa bikin buɗewa, ƙila shi ya sa ba a cika son shi ba.

Sai a zo kan ruwan kwata. Ana fara tsame shara da raga, a bar shi a tanki laka ta kwanta, a hura masa iska ƙwayoyin bakteriya su cinye dattin, sannan a kashe cuta da kulorin ko hasken UV (wani haske da ido ba ya gani). Wannan ya isa ban ruwa da masana'antu da kora masai, kuma ba ƙaramin sauƙi ba ne tunda noma kaɗai ke shan kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan da duniya ke ɗiba. Isra'ila tana juya kusan kashi 90 na ruwan kwatarta, yawanci gonaki yake tafiya. Amma fa bututunsa daban, a Amurka launin shunayya ake masa kada mai gyara ya haɗa shi da na sha.

Za a iya sha? Ƙwarai, in an ƙara tacewa. Windhoek a Namibiya tun 1968 suke yi, Singafo ma tana da irin wannan tataccen ruwan, da ake kira NEWater, tun 2003. Matsalar dai ƙyanƙyami ce, don haka a riƙa gwaji kullum ana nuna wa jama'a sakamakon, ba ɓoye-ɓoye.

Na ƙarshe masu amfani. A tsara kuɗin ruwa ya zama na buƙatar gida da sauƙi, mai ɓarna kuma ya biya da yawa. A fari na 2018 Cape Town a Afirka ta Kudu ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, mutane suka koma tara ruwan wanka a bokiti suna kora masai da shi, kuma ranar rufe famfunan da aka yi ta tsoro ba ta zo ba.