Yadda zaka gane abinda ke ɗaga ƙasa da sauke ta a datar GPS

Ƴan safiyo na ATBU da duk mai furojet akan tashar GNSS, wato na'urar dake auna matsayinta da taurarin ɗan adam irin su GPS, irin ta cibiyar NASRDA (hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya) dake Toro, ga yadda ake bi da datar nan. Ka sauke matsayin tashar na kullum daga shafin Nevada Geodetic Laboratory, kyauta ne, zaka samu gabas, arewa da tsayi. In datar bata kai shekara 2 da rabi ba ka haƙura kawai, gudun tafiyar tashar da zaka fitar bana yarda bane don motsin rani da damina ya cuɗe da shi.

Ka share ɗigon da suka yi tsalle su kaɗai, ranar da aka canza eriya kuma ka sa mata mataki a lissafin, wato gyaran tsallen da canjin ya jawo. Sai ka ɗora miƙaƙƙen layi, shine tafiyar farantin Afirka, wato ɓawon ƙasar da nahiyar ke kai, santimita 2 zuwa 3 a shekara ta arewa maso gabas, ka haɗa da sayin da kosayin, wato lissafin hawa da sauka mai maimaituwa, na kwana 365.25 da na rabin shekara. Da manhajar Hector zaka yi, don shi ya san kuskuren yau na da alaƙa da na jiya.

To yanzu ka tsura wa tsayi ido, anan aikin yake. In tashar na kan dutse kamar ƙasar Toro, ruwan da ya taru daga Mayu zuwa Oktoba nauyi ne, yana danne ƙasa da ƴan milimita, sai kaga ta sauka wajen ƙarshen damina ta dawo sama lokacin bazara. Amma in kaga tana hawa da damina kar ka yi saurin cewa data ta lalace, je ka duba inda aka kafa ta tukuna, baƙar laka irin ta wasu sassan Gombe kumbura take in ta sha ruwa ta tsattsage da rani, wato ƙasar dake gindin eriyar ce ke motsi ba yankin duka ba. Ƙarfen da aka ɗora eriyar ma zafin Afrilu na miƙa shi.

Don tabbatarwa ka jera girafinka da na GRACE, tagwayen taurarin ɗan adam da suka auna nauyin ruwa daga 2002 zuwa 2017, magajinsu GRACE-FO kuma aka harba shi a 2018. In ruwa na hawa tsayi na sauka to nauyi ne. Sai dai GRACE ɗaruruwan kilomita yake gani a dunƙule, cikar dam ɗin Dadin Kowa bazata fito ba, wannan sai da bayanan matakin ruwan dam ɗin. GPS kansa ma yana da kuskure mai zagayen kwana 351 dake shigewa cikin na shekara, a gajerar data bazaka raba su ba.