Kafin ka zuba kuɗinka a preamp irin na da

Duk yaron da ya buɗe situdiyo a Yamai yanzu, burinsa Neve 1073, preamp ɗin nan (na'urar da ke ƙara wa sautin makirufo ƙarfi kafin a naɗa) wanda kamfanin Rupert Neve ya fitar a Ingila a 1970. Na asalin ya fi ƙarfin aljihunmu, shi ya sa ake komawa kan kwaikwayonsa, irin WA73 na Warm Audio ko Pre-73 na Golden Age. Babu laifi. Abin da ya ishe ni shi ne ɓarna iri ɗaya kullum.

Babbar ita ce wuta. Kuranmu volt 220 ne, na Amurka 120. Ɗan'uwa ya aiko maka da kaya daga can, zumuɗi ya hana ka juya bayan akwatin ka karanta, ka cusa a bango. Ni ma ta ci ni, da wani preamp mai kwalba (wato mai tube a ciki) irin tsarin 610 na Universal Audio. Ƙauri kawai na ji. In ka yi sa'a fiyus ne zai tafi, nawa kuwa taransifoma ce ta ƙone, kuma babu mai gyaran rediyon da ya yarda ya taɓa ta. Haba samari! Karanta lamba biyu ne ya gagare ku? Tun daga ranar, ba na jona komai sai ta bayan rezilata, kuma da an ɗauke wuta nake kashe kaya kafin a tada janareta. Mai kwalba kuwa ba na ba kowa shawararsa sai ɗakinsa na da sanyi, don zafin Afrilu ya ishe shi ba sai an ƙara da nasa ba.

Sai masu jona preamp a ramin makirufo na katin sauti, murya ta bi ta amfilifaya biyu ta fashe, su ce an cuce su da jabu. Kai ka cuci kanka, ƙanena. Ramin da aka rubuta LINE ne wurinsa.

Kana da makirufon Shure SM7B? Ƙarin ƙarfin sauti na wajen desibel 60 yake nema daga preamp, duba ko preamp ɗin na kaiwa kafin ka biya. Makirufo irin wanda ake ce wa ribbon, kashe masa 48V, wato wutar da preamp ke tura wa makirufo. Ƙananan preamp ɗin nan na jerin 500, irin API 512c, ba sa aiki sai da akwatin da ke ba su wuta, wannan ma kuɗi ne.

In ɗakinka na amsa kuwwa, fara da labule mai kauri da katifu a bango, preamp ya jira baɗi. Kuma idan hunturu ya kama, rufe kayan da zane bayan aiki, ƙura ce ke sa maɓallan juyawa ƙarar ƙaraf-ƙaraf.